Labarin da Ta Daina Ba Ni

Ɗiyata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Mu haka muka tashi muka tarar. Ɗan fari na iyayen miji ne, uwa ba ta kiransa, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta zama hira da shi. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa sai ta kau da kai, wani ya ɗauke shi. Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Iya, ita ta karɓe ta tun yaye. Ɗakinta take kwana, kwanonta take ci. In zan aike ta sai in ce, "Ke." In zan yi maganarta da wani sai in ce, "ɗiyar Iya." Abin bai taɓa yi mini nauyi ba, don ina da rabon da nake samu ba wanda ya sani.

Sana'ata turara shinkafa. Garinmu yana kan hanyar da ta tashi daga Bagudo ta nufi Illo, fadama ta kewaye mu, aiki ba ya yanke mini. In jiƙa, in turara, in baza a rana, a kai inji. Lokacin da ake tashi daga makaranta yakan same ni gaban tukunya. Sai yarinyar ta shigo, ta jefar da jaka, ta kife turmi a bayana ta zauna, ta fara zuba. Ba ta cewa da ni take. Da ƙannenta take, da kaji, da duk abin da ke tsakar gida. Wanda aka daka a aji da dalilin dukan, da dalilin dalilin. Wadda ta zo da takalmin yayarta yana cire mata. Motar da ta maƙale a taɓo da abin da direba ya ce da karen motarsa. Labarinta ba ya tafiya kai tsaye, sai ya biya gidan kowa ya sha ruwa tukuna. Ni kuwa bayana na gare ta, ina juya shinkafa, ko uhm ba na cewa. Amma ko muciya ba na bari ta bugi tukunya da ƙarfi, kada wata kalma ta wuce ni.

Ba na fita sosai. Garin nan duka ta bakin yarinyar nan nake ganinsa. Ita kanta ma ta nan nake ganinta.

Da ta shiga aji huɗu aka kawo musu sabuwar malama. Yarinya ce matashiya, 'yar wajen Illo, tana jin Hausa da Dendi, tana taɓa Fulatanci. Ajin nasu kuwa gauraye yake. Akwai 'ya'yan masunta da ba sa yin Hausa sai sun fito waje, akwai 'ya'yan ruga, akwai waɗanda iyayensu suka ƙauro daga tsallaken iyaka, sun fara karatu da Faransanci a Benin. Wasu sukan karanta shafi guda tas, a tambaye su abin da suka karanta su yi tsuru-tsuru. Wannan ne abin da malamar ta sa gaba. Ta ce musu duk labari, komai tsawonsa, yana shiga hannu ɗaya. Babban yatsa, wane ne? Na biye, a ina? Na tsakiya, me yake so? Na kusa da shi, me ya tare shi? Ɗan ƙaramin, yaya aka ƙare? Wanda ya iya cika yatsun nan ya fahimta, wanda ya kasa ya koma ya sake karantawa.

Da farko abin ya burge ni. Ni ma na yi yaƙi da jahilci bayan aure, a zauren wani gida, muna goye da yara. An koya mana haɗa baƙi, na iya karanta Hausa a hankali, na iya rubuta ta. Amma ba wanda ya taɓa tambayarmu, "Me kuka gane?" Na ce a raina wagga malama ta san abin da take yi.

Sai labarina ya fara ƙanƙancewa. Yau ta rage wanda aka daka, gobe ta rage direba. Kafin a jima, turmin ma ta daina kifewa. A tsaye take ba da labarin makaranta, tana lanƙwasa yatsu, ta gama kafin in juya shinkafa sau ɗaya, ta shige ɗakin Iya.

Inda abin ya fara yi mini ciwo shi ne haihuwar ƙanwata a Illo. Ban samu zuwa ba, ina da shinkafar mutane a jiƙe. Maigidana ya ɗauki yarinyar a babur suka je barka, don shi iyakarsa zaure, ita ce za ta shiga ciki ta gano mini. Na wuni ina jiran dawowarta. Ina son in ji ko innarmu ta rame, wa da wa suka zo, wa ke yi wa mai jego wanka, ko dangin mijin sun yi abin kirki. Da ta shigo sai ta tsaya tsakar gida ta ɗaga hannu.

"Inna ƙarama ce. A Illo. Tana son ta haihu. Naƙuda ta daɗe. Ta samu namiji."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Shi ke nan? Don wanga aka ƙona mai har Illo? Da mun aiki zakara da ya fi ki bayani."

"Ai komi ya shiga, tsohuwa. Malama ta ce sauran duk ƙaiƙayi ne."

"Ƙaiƙayin gidanku! Mi aka ba ku kuka ci?"

"Ba shi cikin yatsu."

Na daure na ce, "Iya, ko ɗiyarki ta ga innarmu?"

"Na gan ta," in ji yarinyar, ta ɗauki buta ta wuce.

Ƙaiƙayi. Ni da nake fama da ƙaiƙayi kullum na san ba abin ci ba ne. Amma wanda ta zubar ɗin nan shi nake jira tun safe.

Da a ce shiru ya kama ta ne gaba ɗaya, da na ce girma ne ya zo. Ba haka ba ne. Malamar tana haya a wani gida kusa da famfon burtsatse, kuma ta ƙofarmu take wucewa. Wata rana na leƙa ta kafar zana na gan su. Yarinyar tana ɗauke da littattafan malama a ka, tana tafe da baya-baya don ta fuskance ta, hannu yana tashi sama, baki bai tsaya ba. Na san wannan hannun. Haka take yi in ta kai inda direba ya zagi karen mota. Malama tana dubanta ido cikin ido, tana dariya, tana cewa, "Kai! Sai kuma aka yi yaya?" Suka kai ƙofar gidan ba su gama ba, suka tsaya a rana. Ashe dogon labarin yana nan. Wuri ya sake. Ni aka bar wa yatsu.

Maƙwabciyarmu mai bandar kifi ta shigo aron rariya, ta ce, "Ɗiyar Iya dai ta samu uwa a makaranta." Na yi murmushi na ce Allah shi bar su tare. Da ta fita na tarar na cika wuta har shinkafa ta fara fashewa.

Daga nan na shiga neman laifin malamar. Ni ba mai yawan magana ba ce, ban faɗa wa kowa ba, a cikina nake yi. Mayafinta ya cika ƙarami. Tafiyarta da sauri kamar ta maza. Mace har yanzu ba aure, me ta sani game da yara? Ranar da na kai autana allurar rigakafi, na bar hanya miƙaƙƙiya na bi ta bayan makaranta, wai inuwa nake bi. Tagar ajinsu ba murfi. Na tsaya gindin wata bishiya ina gyara goyon da ba abin da ya same shi.

Malama ta karanta musu labari da Turanci, ta maimaita da Hausa. Sannan ta haɗa su biyu-biyu, ta ce kowa ya ba ɗan'uwansa labarin da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa da shi. Ajin ya kaure, Dendi ta nan, Fulatanci ta can. Wata 'yar ruga da ko kai ba ta ɗagawa, malama ta durƙusa gabanta ta kama mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarta da Fulatancinta mai gargada har yara suna dariya. Yarinyar ta gyara mata kalma, daga nan bakinta ya buɗe. Laifi na zo nema, ban samu ba, wannan ya ƙara mini haushi.

Sai malama ta kira sunan da ba na kira. Ta kira shi da ƙarfi, a sake, kamar ba komai ba ne. Ɗiyata ta miƙe ta cika yatsunta biyar ba tuntuɓe. Malama ta ɗora hannu a kanta ta ce wa aji su tafa mata. Sunan nan ni aka raɗa wa shi a kunne a ɗaki ranar suna, kuma bai taɓa fita daga bakina ba. Na ja goyona na tafi. A asibiti aka tambaye ni ko ni ce ba ni da lafiya.

Na gwada abin da zan iya. Na zaro tsohon littafinmu na yaƙi da jahilci daga ƙasan adaka, na zauna ina karantawa da ɗan ƙarfi lokacin da na san tana kusa, ko za ta tuna cewa a gidan nan ma akwai mai karatu. Ta saurara kaɗan, ta ce wa ƙanwarta, "Malama ta ce ba a wuce layi sai an tambayi kai mi aka karanta." Na mayar da littafin inda na ɗauko shi.

Mun haɗu da malamar ido da ido a wani gidan suna. Ita ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, da ladabinta, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta yi ta yabon yarinyar, tana ambaton sunan ba ƙaƙƙautawa, mata suna ji. Abin da aka san uwa za ta ce shi na ce.

"Waccan? Ai ba ta da aiki sai surutu."

Malama ta yi dariya. "Kunya dai, Inna. Mun san ta."

Ita ta san kunya ce. Yarinyar kuwa da ke tsaye bayanta riƙe da jakarta ban tabbata ta sani ba. Na ga ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakar.

Ba a daɗe ba malama ta ba su aikin gida. Ta rubuta musu gajeren labari da Hausa a allo suka kwafa. Kowa ya je ya ba wani babba a gidansu, da harshen gidan, sannan babban ya mayar masa da labarin a yatsu biyar. Ta ce in mai sauraro ya kasa, ba laifinsa ba ne, mai bayarwa ne bai bayar da kyau ba. Washegari kowa zai faɗi yadda aka yi.

Ina gaban tukunya bayan la'asar na ji ta tana lallashin Iya a ƙofar ɗakinta.

"Ni kin ga na yi kama da 'yar makaranta?" in ji Iya. "Kai wa innarki, ita ta yi boko."

"Inna ba ta saurare."

"Wa ya ce miki?"

"Ni nika gani. Ko ina magana bayanta kaɗai nika gani. Ta ce ma surutu gare ni. Shi ya sa nika taƙaita mata, kada in ɓata mata aiki."

Muciya ta tsaya a hannuna. Duk watannin nan ina cewa malama ta ɗauke mini abu. Ashe yarinyar tausayina take ji, sauƙi take yi mini. Shekara da shekaru ina ba ta baya don in ji ta da kyau ba tare da an gan ni ba, ita kuwa bayan kawai take gani. Ban san yadda ake gyara wannan ba. Ba zan juya in ce mata zo ki ba ni labari ba, ga Iya zaune, ga matan gida suna kai da kawo.

Ta fara karanta wa Iya. Labarin wata Bafulatana ce mai tallan nono. Ta iso bakin gulbi da safe tana son ta tsallaka kasuwa kafin rana ta ɓata mata nonon. Mai jirgi ya dubi gabas ya ga hadari, ya ce ba ya tashi. Ta roƙa, ta yi fushi, ta ce masa matsoraci. Iska ta taso, ruwa ya kece, suka ruga wata rumfa inda masunta suka fake. Masuntan nan tun asuba ba su ci komai ba. Suka shanye nonon, suka cika mata ƙwarya da kifi, ta koma gida ba ta ga kasuwa ba. Yarinyar ta karanta da kyau, ta sake murya wurin mai jirgi, ta sake wurin matar.

"To, tsohuwa, babban yatsa. Wane ne?"

"Nonon yanzu ai rabinsa ruwa ne," in ji Iya. "Da can in kika sa ludayi tsayawa yakai."

"Ba shi na tambaye ki ba. Labarin wa aka ba ki?"

"Ita matar ɗiyar wa ce? Akwai wata da ke kawo muna man shanu, mai wushirya, mijinta shina da wani baƙin sa."

"Ba ita ba ce! Wagga ta cikin takarda ce. To mi take so?"

"Miji mana. Mi mace ke so bakin gulbi da sassafe?"

"Tsohuwa, don Allah!"

"Kada ki yi mini tsawa, ja'ira. Ni na wanke miki kashi."

Na ji muryar yarinyar ta fara rawa. Gobe za ta tsaya gaban aji ta ce ba ta iya bayarwa ba, gaban malamarta. Ga ni da labarin kwance a kaina tun daga farko har ƙarshe. Na ƙara itace ɗaya a wuta, na gyara zama, ban juya ba.

"Iya," na ce, "in ban yi kuskure ba, Bafulatana ce mai nono. Bakin gulbi ne. Kasuwa take son zuwa kafin nono ya lalace. Mai jirgi ya ƙi tashi saboda hadari. Ta koma gida da kifi maimakon nono."

Da na tsaya nan da ya isa. Amma bakin da ya daɗe a rufe, da ya buɗe sai ya zarce.

"Kuma mai jirgin nan ya fi wancan na wajen Bahindi hankali, wanda ya kwaso 'yan biki cikin iska da makaɗinsu da ragonsu, ragon ya faɗa ruwa, makaɗi ya kamo shi da ƙaho ya saki gangarsa."

"Inna," in ji yarinyar a hankali, "wa ya ba ki wanga labari?"

"Nan tsakar gida aka yi shi, bara da kaka."

"Ni na faɗe shi."

"Ban san wa ya faɗa ba. Ina aiki."

Iya ta tafa hannu. "To fa! Ashe bayan nan shina da kunne. Yau ga ɗiyar mutane ta zubar da kunya cikin tukunya ta turara ta da shinkafa." Na jira sauran faɗan. Sai na ji tana laluben takalmi. "Miƙo mini buta, ja'ira. Bari in tahi in yi alwala kada in ga abin da ya fi ƙarfina." Ba lokacin salla ba ne. Ta shige bayan ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yarinyar ta matso. Ta tsaya kaɗan a bayana, na ji numfashinta, ta tattara takardarta ta tafi.

Washegari da aka tashi makaranta na ji jaka ta faɗi ƙasa. Na ji ana jan turmi. Wannan karon ba bayana ta kife shi ba, gefe ta kai shi, inda in na ɗan karkata zan ga ƙafarta.

"In taƙaita?" ta tambayi kaji.

Na dubi tukunya na ce, "Aikin nan da saura."

Ta fara. Ta gaya wa malama yadda aka yi jiya, malama ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce a gaida Iya a ce mata matar ba ta samu miji ba. Wani yaron masunta kakansa ya ce mai jirgin ne babban yatsa, ba matar ba, aka yi ta gardama, malama ta ce su kawo hujja daga cikin labarin. Daga nan ta koma kan malama kanta. Ɗankunnenta ɗaya ya ɓace a filin makaranta, duk aji suka fita nema. Innar malama ba ta da lafiya a Illo, ciwon ƙafa. Ba ta cin kifin banda sai ɗanye. Tana da sabon mayafi ruwan toka. Cikin abin da ta faɗa a ranar, fiye da rabi malama ce, kuma duk inda aka ambace ta sai na ji kishin nan ya motsa a ƙirjina, bai je ko'ina ba. Na saurara duka.

Da ta kai wurin ɗankunne ta tsallake zuwa mayafi ba ta ƙarasa ba. Na bari ta kai aya, na ce da tukunya, "Ko an ga ɗankunnen?"

"Ba a gani ba tukuna," in ji ta. "Bari in faro daga inda ta cire shi."